Zango, Mita da Rezo: Tsokaci kan Kalmomin Siginar Rediyo a Hausar Yamai

1.0 Gabatarwa

Tun watan Maris na 2025, lokacin da sabon kundin tafiyar da ƙasa, wato Charte de la Refondation, ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, ake ta muhawara kan ko harshen zai iya ɗaukar nauyin kimiyya da fasaha. A ganinmu wannan tambaya ta yi faɗi da yawa, kuma amsa ta a dunƙule ba ta ƙara wa kowa sani. Abin da ya fi shi ne a ɗauki fanni guda, a jera kalmomin da Hausawa suka riga suka tanada a cikinsa, a auna su ɗaya bayan ɗaya. Fannin da muka zaɓa a wannan takarda shi ne na siginar rediyo, wadda akwatin rediyo da wayar salula da Wi-Fi duk suka dogara a kanta.

Dalilanmu biyu ne. Na farko, Hausa ta daɗe a wannan fage. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, Radio Niger ta biyo baya a 1958 kafin ta koma Muryar Sahel a 1974, Muryar Jamus kuma ta shigo da Hausa a 1963. Ke nan kusan shekara 70 ana sarrafa waɗannan kalmomi a bainar jama'a. Na biyu, tun da kamfanin Celtel ya fara aikin salula a Nijar a 2001, maganar sigina ta bar bakin masu gabatar da shirye-shirye ta shiga bakin kowa, daga mai gyaran waya a kasuwar Katako har ɗalibin da ke neman inda zai kama intanet a harabar Jami'ar Abdou Moumouni.

Misalanmu mun ɗebo su ne daga abin da ake ji kullum a rediyo da titunan Yamai. Ba za mu ɗora wa ƙamusoshi laifi ba, domin Ƙaramin Ƙamus na Abdou Mijinguini ya fito a 1987, littafin kalmomin kafofin watsa labarai na McIntyre da Meyer-Bahlburg kuma a 1991, alhali ƙa'idar farko ta Wi-Fi sai a 1997 aka fitar da ita. Ma'aunin da za mu bi yana da sharuɗɗa uku: kalmar fasaha ta tsaya kan ma'ana guda a cikin fanninta, kada ta kai mai saurare ga kuskure, kuma a iya yin lissafi da ita.

2.0 Abubuwan da ake son raɗa wa suna

Kafin a yanke wa kalma hukunci, dole a san abin da aka ɗora mata. Na'urar watsawa tana sa wutar lantarki ta riƙa kai da komo cikin eriya da tsananin sauri. Wannan kai da komo yana haifar da wata igiya ta lantarki da maganaɗisu mai bazuwa ta kowace fuska, kamar yadda ruwan tafki yake yi in an jefa tsakuwa. Bajamushen nan Heinrich Hertz ne ya tabbatar da samuwarta a gwaje-gwajensa na 1887 da 1888. Gudunta gudun haske ne, wato kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda.

Abubuwa huɗu ake aunawa a jikinta. Akwai sau nawa take kaɗawa a daƙiƙa (fréquence), wanda ake ƙirgawa da haz, kilohaz, megahaz ko gigahaz. Akwai tazarar da ke tsakanin tozon igiyar da tozo na gaba (longueur d'onde), wadda ake aunawa da mita. Akwai ƙarfinta (puissance), da ake aunawa da wat. Sai kuma nisan da take kaiwa kafin ta gagara kamawa (portée). Biyun farko ɗaure suke da juna: in aka raba 300 da adadin megahaz, abin da ya fito shi ne tazarar a mita. Saboda haka duk lokacin da ɗaya ya hau, ɗayan sauka yake yi. Wannan dangantaka ita ce za mu riƙa komawa gare ta a sassan da ke tafe.

3.0 Zango

Za mu fara da yabo. Wanda duk ya fara fassara ondes courtes da gajeren zango, ondes moyennes kuma da matsakaicin zango, ya san Hausa kuma ya fahimci abin da yake fassarawa. Zango a asali masaukin ayari ne, sannan kuma tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. Unguwar Zongo ta Yamai daga nan ta samo sunanta. Tazara tsakanin wurare biyu masu kama da juna, wadda ake maimaitawa har ƙarshen tafiya, ita ce ainihin longueur d'onde. Kalmar ta cika sharaɗi na uku ma, domin ana iya cewa zangon kaza mita kaza ne.

Sai dai kuma zango ya yi tafiya ya bar inda aka ajiye shi. Mu dubi waɗannan jimloli:

(1) Ana kama mu a gajeren zango, mita 31.
(2) An buɗe sabon gidan rediyo mai gajeren zango a garin.
(3) Kuna sauraronmu a zangon FM.

A (1) zango yana nufin longueur d'onde. A (2) yana nufin portée, wato tashar FM da ba ta kai nesa, bisa ƙirar cin dogon zango da ake faɗa game da mota ko makami. A (3) kuwa yana nufin bande, wato rukunin wuraren da aka keɓe wa wani irin watsawa. Ma'ana uku ke nan a cikin fanni ɗaya.

Abin da ya fi damuwa shi ne (1) da (2) kishiyoyin juna ne. Igiyar da ake nufi a (1) ita ce ta fi kowace nisa, domin tana tashi sama ta bugi wani sashe na sararin samaniya mai suna iyonosfiya, ta dawo ƙasa bayan dubban kilomita. Ta haka Muryar Sahel ta riƙa kai wa makiyaya da matafiya a kan kilohaz 9705 da 5020, wato mita 31 da mita 60, ta haka kuma ake jin tashoshin ƙetare a ƙauyen da ba shi da kuran. Igiyar FM kuwa miƙewa take yi ta ratsa wancan sashe ta wuce, a ƙasa kuma tudu da gantsarewar duniya su tare ta, shi ya sa eriyar da ke Yamai ba ta wadatar da mutumin Dosso sai an kafa masa tasa. Ga shi an wayi gari suna ɗaya ake kiran tashar da ke ƙetare nahiya da wadda ba ta ƙetare jiha. Malamin da ya tsaya gaban aji ya ce gajeren zango ya fi nisa, ɗalibai za su ɗauka santsin baki ya yi.

4.0 Mita

Kalmar mita ta shigo ta hanyar Ingilishi, kuma a zamanin gajeren zango daidai take. Fuskar akwatin rediyo na wancan lokaci tana ɗauke da lambobi irin su 19, 25, 31, 41 da 49, waɗanda duk ainihin mitoci ne na awon tsawo. Mai shela in ya ce mita 31, gaskiya ya faɗa, domin in aka raba 300 da 9.705 za a sami abin da ya kusa 31.

Matsalar ta kunno kai ne da zuwan tashoshin FM masu zaman kansu a tsakiyar shekarun 1990. Lambobin da ke fuskar FM, daga 87.5 zuwa 108, megahaz ne. Amma baki ya riga ya saba, sai aka ɗauki tsohuwar kalma aka liƙa wa sabuwar lamba. Ɗauki misalin tashar da ke kan megahaz 100. Kowa zai ce maka tana kan mita 100, alhali zangonta mita 3 ne cif. Igiyar da zangonta ya kai mita 100 da gaske tana kan megahaz 3 ne, nesa ƙwarai da inda ake laluben FM.

Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne tunda mai saurare yana samun tasharsa. Haka ne muddin murɗa akwati kawai ake yi. Da zarar an zo aikin hannu sai ɓarnar ta bayyana. Tsawon eriya yana bin tsawon zango, kuma mafi sauƙin eriya ita ce mai rubu'in zango. Shi ya sa sandar da ake zarowa a akwatin FM take kai kimanin santimita 75. Salula a kan megahaz 900 zangonta santimita 33 ne, eriyarta wajen santimita 8. Wi-Fi a kan gigahaz 2.4 zangonsa santimita 12.5 ne, eriyarsa ba ta wuce santimita 3 da ɗan kai ba, shi ya sa take ɓuya cikin waya ba a ganinta. Yaron da ya koyi cewa babbar lamba ita ce mita mai yawa zai juya wannan lissafi gaba ɗaya, ya zaci gigahaz 5 ya fi gigahaz 2.4 dogon zango, alhali nasa santimita 6 ne kawai.

Akwai kuma masu kare mita da cewa ai Hausa tana da tata mita, wato yawan nanata magana, don haka ta dace da fréquence. Hujjar tana da daɗin ji, amma ba ta warware komi ba. A rubutun yau da kullum ba a nuna karin sauti, saboda haka kalmomin biyu siffa ɗaya gare su a takarda, kuma a wannan fanni dole su haɗu cikin jimla ɗaya. Wanda ya rubuta cewa in mita ta ƙaru mita tana raguwa bai koya wa kowa komi ba. A nan mita ta faɗi a dukkan sharuɗɗan uku.

5.0 Rezo

Rezo daga réseau take, kuma a matsayin kalmar aro ba mu ga abin kushewa a siffarta ba. Gajera ce, ta bi tsarin gaɓar Hausa, ta zauna a matsayin namiji, tsoho da yaro duk suna furta ta ba tare da wahala ba. A Nijeriya sabis da netwok ne suke wannan aiki. Abin dubawa shi ne yawan kayan da aka ɗora mata:

(4) Babu rezo a ɗakin nan.
(5) Rezo bai kai ƙauyenmu ba.
(6) Wane rezo gare ka?
(7) Rezo ba ya gudu yau.
(8) Rezo ya cushe.

A (4) ana maganar ƙarfin sigina a wuri guda. A (5) ana maganar yankin da eriyoyin kamfani suka mamaye (couverture). A (6) kamfanin kansa ake nufi, ko Airtel ko Moov Africa ko Zamani Telecom ko Niger Telecoms. A (7) yawan bayanan da ke wucewa a daƙiƙa ne (débit). A (8) kuwa jama'a ne suka yi wa eriya ɗaya yawa (saturation).

Cuta biyar ke nan, kowace da maganinta. Maganin (4) yakan zama fita tsakar gida, domin bangon siminti da rufin kwano da ƙofar ƙarfe suna rage sigina ko su mayar da ita baya. Ko a fili ma, in nisa ya ninka, ƙarfin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Maganin (5) sai kamfani ya kafa sabuwar eriya. Maganin (8) sai an ƙara wa eriyar da ke akwai hanyoyi, ko a jira dare ya raba. Tun da suna ɗaya ake kiran su duka, mai waya yakan sayi maganin da ba na cutarsa ba: ya canja pus, ya ƙara kuɗi, ko ya kai lafiyayyar waya wurin gyara. Haka nan in mutanen gari suka kai kuka ga hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018 don sa ido kan kamfanonin sadarwa, suka ce ba su da rezo, ba su faɗi ko eriya suke nema ko faɗaɗa wadda suke da ita ba.

Adalci ya sa mu faɗa cewa Hausa ba ita ta ƙirƙiro wannan cuɗanya ba. Faransancin titi ma haka yake yi da réseau, kuma ko a bakin ma'aikata akan ji bande passante inda débit ake nufi. Bambancin shi ne Faransanci yana da kalmomin rarrabewa a ajiye, waɗanda malami da injiniya suke ɗaukowa in buƙata ta taso. Hausa ta aro ta kasuwa ta bar ta aji.

6.0 Giɓin da ya rage

Akwai ma'anoni uku da ba a ji musu tsayayyen suna ko kaɗan, kuma su ne ginshiƙin fahimtar Wi-Fi.

Na farko shi ne bruit da ɗan'uwansa brouillage. Ƴan sandunan da ke saman fuskar waya ƙarfin sigina kawai suke nunawa. Amma jin magana ya danganta ne da yadda muryar ta rinjayi abin da ke kewaye da ita. Raɗa a ɗaki da tsakar dare ana jin ta sarai, kira da ƙarfi a tsakiyar Katako da hantsi yana iya ɓacewa. Tun 1948 Claude Shannon ya nuna cewa yawan bayanan da hanya za ta ɗauka ya rataya kan abu biyu, faɗin hanyar da kuma fifikon sigina a kan hayaniya. Wannan ne ya sa sanduna suke cika amma saƙo ya ƙi tafiya.

Na biyu shi ne canal da faɗinsa. A fagen gigahaz 2.4 akwai kafofi 13, tsakanin kowace da ta kusa da ita megahaz 5, alhali kowace tana cin megahaz 20. Ke nan suna hawa kan juna, kuma ukun da aka saba zaɓa don kauce wa haka su ne 1, 6 da 11. A gidan haya inda kowane ɗaki yake da akwatin Wi-Fi nasa, maƙwabta su ne hayaniyar juna. Ba a iya bayyana wa mai gida wannan da kalmar rezo kaɗai.

Na uku shi ne décibel da gain. Desibel ba ya bukatar fassara, aro ya wadatar, kamar yadda aka aro lita da kilo. Bayani yake bukata, domin ƙirgarsa ta ninki ce: ƙarin desibel 3 ninki biyu ne, ƙarin 10 ninki goma. Siginar da waya ke karɓa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, shi ya sa lambarta take ƙasa da sifili, kuma -70 ta fi -90 ƙarfi sau 100. Game da gain kuwa, muna gargaɗi kan fassara shi da riba ko ƙari. Eriya ba ta ƙara ko ɗigon ƙarfi a kan abin da aka ba ta. Tattara shi take yi ta fuskantar da shi waje guda, kamar yadda madubin tocila yake yi da hasken ƙwai, abin da gaba ta samu baya ce ta rasa.

7.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna gabatar da wannan jeri don a tattauna. Mun fifita gyara kalmar da ke baki a kan ƙirƙiro sabuwa.

onde radio: igiyar rediyo
longueur d'onde: zango, a auna shi da mita
fréquence: yawan kaɗawa, a auna shi da haz
bande: fage
canal: kafa
largeur de canal: faɗin kafa
portée: nisan isa
signal: sigina
réseau: rezo
couverture: mamaya
débit: gudun bayanai
saturation: cunkoso
bruit: hayaniya
brouillage: katsalandan
gain d'antenne: tattarawar eriya

In aka bi wannan, jimla ta (2) za ta koma gidan rediyo mai gajeren nisan isa, ko a taƙaice gidan rediyon FM, ta (3) kuma ta koma a fagen FM. Mai shela zai ce megahaz 100 a inda yake cewa mita 100, abin da ba zai ƙara masa ko daƙiƙa guda ba.

Mun san za a ce harshe na masu shi ne, ba a yi masa doka daga jami'a. Mun yarda, kuma ba mu nemi a hana kowa cewa babu rezo a kasuwa ba. Abin da muke nema ya tsaya ga wurare uku inda kuskure yake da tsada: littafin makaranta, wurin koyon sana'a, da takardar hukuma. Tarihi ma yana tare da mu a nan, domin gajeren zango kanta ba a kasuwa aka haife ta ba. Ma'aikatan rediyo ne suka zaɓe ta suka yi ta nanatawa har ta zama ta kowa. Mun kuma san jerin namu yana da rauni. Igiya tana iya sa a zaci akwai zare a wurin da ake cewa babu waya, kafa kuma tana da wata ma'ana a kafofin watsa labarai. Mun bar su ne don sun riga sun sami gindin zama, amma in aka kawo waɗanda suka fi su za mu karɓa.

8.0 Kammalawa

A wannan takarda mun auna kalmomi uku. Zango zaɓi ne nagari da ya tara ma'anoni har biyu daga ciki suka zama kishiyoyi, don haka a mayar da shi kan ma'anarsa ta farko. Mita ta yi daidai a zamanin gajeren zango, ta zama kuskure a zamanin FM, kuma za ta ɓatar da duk mai son yin lissafi, don haka a bar ta ga awon tsawo. Rezo aro ne mai kyau da aka yi wa lodi fiye da kima, sai a sauke masa huɗu a bar masa ɗaya.

Nijar ta fara koyarwa da Hausa a makarantar gwaji ta Damagaram tun 1973, kuma cibiyar INDRAP ta daɗe tana shirya littattafai cikin harsunan gida. Aikin da ya rage a wannan fanni bai fi ƙarfin zama ɗaya ba tsakanin masana harshe, malaman kimiyya, injiniyoyin sadarwa da ma'aikatan rediyo na ɓangarorin iyaka biyu, domin kada Maraɗi ta tsayar da kalma Katsina ta tsayar da wata. Kafin wannan zama, muna ba da shawarar a kai jerin da ke sama rumfunan masu gyaran waya, a sa mai gida ya bayyana wa yaronsa da waɗannan kalmomi dalilin da ya sa Wi-Fi yake kamawa a zaure ya ƙi kamawa a ƙuryar ɗaki. Kalmar da ta taimaka masa a riƙe ta, wadda ta sa shi komawa Faransanci a sake mata tunani.